Kwalbar Lahadi a Shagon Man Zélie

A shagon Man Zélie, wato uwargida Zélie, ba a haɗa wa namiji ti-ponch ɗinsa, haɗin giyar nan da muke sha. Duk faɗin Martinique haka abin yake, amma mu mutanen Lorrain mun fi kowa ɗaukarsa da zafi. Mai shago za ta dire kwalbar farin ram, giyar rake, a tsakiyar tebur, ta ajiye zumar rake da lemun tsami da wuƙa da ɗan maburgi, ta juya ta koma wajen sikelinta. Abin da ya rage tsakaninka ne da hannunka. In ka ga dama ka cika zaƙi, in ka ga dama ka zuba giyar da za ta kwantar da kai a kwata. Ba mai riƙe maka hannu, ba kuma mai taɓa maka kofi.

Léonce, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa da girmansa a matatar giyar da ke bayan tudu har ranar da aka rufe ta aka shuka ayaba a gonakin raken, shi ya mayar da wannan al'ada abin rantsuwa. Yana da labarin da yake kafa hujja da shi, kuma duk mai zama a teburin ya haddace shi ko yana so ko ba ya so. Kakansa, in ji shi, an haife shi bayan an 'yanta bayi da kaɗan, amma ya tashi yana saran rake a gonar Baturen da iyayensa suka yi wa bauta. In an tashi aiki da yamma sai masu sara su yi layi, mai sa musu ido ya riƙe gwangwani yana auna wa kowa ɗan ram. Shi ke aunawa, shi ke ragewa, in ya ga ganga ta yi ƙasa ya ƙara mata ruwan rafi, kuma dole ka sha ka ce ka gode. Giyar ma ta ragowar dafuwar sukari ce, mai ɗaci da wari, sai an matsa mata lemun tsami an ɗiga zaƙi kafin ta yarda ta wuce maƙogwaro. A nan aka haifi ti-ponch, in ji Léonce. Daga baya da sukarin Turai ya karya kasuwar namu, aka koma dafa giya da ruwan rake tsantsa, ta yi kyau har masu gonar suka daina raina ta. Amma talaka bai manta gwangwanin nan ba. Ranar da ya samu ya zauna da kwalba a gabansa, ya yi alkawari ba wanda zai sake auna masa.

"Kakan nan naka ya ga ta kansa," Euloge kan ce yana murza maburgi. "Ya mutu ma ba ka bar shi ya huta ba. Kowace Lahadi sai ka tono shi ka sa shi layi."

Euloge tsohon direban motar haya ne, ƙato mai sanƙo. Tare suka yi makaranta da Léonce, tare aka kore su, kuma tun daga lokacin ba wanda ya taɓa jin kalma mai daɗi ta shiga tsakaninsu. Léonce na kiransa Tulu, shi kuma yana kiran Léonce Ƙwarangwal. Amma a kan maganar kofi bakinsu ɗaya. Gari bai manta bikin 'yar ƙanwar Euloge ba, da aka yi a wani otal na bakin teku, inda wani ma'aikaci mai farar riga ya kawo masa ti-ponch haɗaɗɗe har da ƙanƙara a ciki. Euloge ya tashi ya juye shi a tukunyar fure, ya tambayi mutumin ko ya ga alamar hannuwansa sun gutsure ne, ya ɗauki hularsa ya bar bikin tun ba a yanka kek ba. Léonce ya bi shi a baya, suka dawo gida suna zagin juna a mota cikin farin ciki.

Na ukunsu Firmin ne, masunci, wanda aikinsa a teburin dariya ce da zuga. Na huɗun, Saturnin, ya riga su gidan gaskiya. Shi ake ɗiga wa giya a ƙasa kafin kowa ya kai kofi baki.

To, wata safiya Léonce ya sunkuya zai tsinci lemun tsami a gindin bishiyar gidansa, bai ɗago ba. Maƙwabciya ce ta gan shi kwance. Da aka sallamo shi daga asibitin Fort-de-France ya dawo da ɓarin dama mai nauyi, da hannun da ke rawa in ya ga dama, da baki da ya ɗan karkace. 'Yarsa Ginette, wadda ke aikin jinya a Paris, ta ajiye komai ta taho. Kada wani ya ce mata muguwa, ba ita ba ce. Irin mutanen nan ne da ƙaunarsu ke fitowa ta hanyar hani. Ta hana gahawa, ta hana barkono, ta hana gishiri, ta kwashe kwalaben gidan ta kai wa maƙwabta.

Hannun bai dami Léonce kamar harshen ba. A matata shi ne mai tsayawa a bakin famfo in giya ta fara zubowa, ya ɗanɗana ya ce wannan kan ne a zubar, wannan zuciyar ce a tara, wannan wutsiya ce a tsaya. Bai mallaki gona ba, bai gina bene ba, harshen nan ne abin da yake da shi a duniya. A asibiti kuwa ya ji likita na faɗa wa Ginette, a kansa kamar ba ya wurin, cewa wasu masu irin wannan ciwo ɗanɗano kan gudu ya bar su. Tun daga ranar duk abin da ya sa a baki sai ya tsaya yana saurarensa. Kifi lami, doya lami, miya kamar ruwan wanke kwano.

"Kin sa wa abin nan gishiri kuwa?"

"Likita ya hana, Baba."

"Ko ƙwaya ɗaya?"

"Ko ƙwaya ɗaya. Ci ka sha magani."

Wannan amsa ita ke ba shi sauran numfashi. Ai abincin ne ba shi da rai, ba harshen ba. Amma tabbas ɗin fa? Tsoro ya zauna masa a ciki daram, ya san kuma abu ɗaya ne zai raba gardama. Ram ba ya yi masa ƙarya. Sai dai ba zai je teburin Man Zélie ya zubar da giya a wando a gaban Tulu ba. Don haka ya samo tsohuwar kwalba ya cika ta da ruwa, ya riƙa laɓewa bayan kicin yana koya wa hannun hagu aikin da na dama ya yi duk rayuwarsa. Lemun ya riƙa sulluɓewa yana gangarawa cikin ciyawa. Wuƙa ta ci masa babban yatsa. Maburgin ne ya fi ba shi wuya, don da tafuka biyu ake murza shi, sai da ya gano yadda zai dafe shi da mataccen tafin ya tura da mai ran. Ya fasa kofuna, ya binne ɓaraguzan a gindin ayaba kada a gani.

An gani mana. Wata rana ya ɗago ya tarar da Ginette tsaye da kwandon wanki, idonta ya kawo ruwa.

"Baba, in dai abin ya zama dole, bari in karɓo kaɗan in haɗa maka da kaina. Ɗan mitsitsi, a nan gida."

"Uwarki ta zauna da ni har Allah ya karɓi abinsa. Ta wanke ni ina zazzaɓi, ta ɗauko ni daga kwata ba sau ɗaya ba. Ba ta taɓa ɗaukar kofina ba. Ran Lahadi zan je wajen Man Zélie."

Aka yi ta fama. Ta kawo maganar likita, ta kawo ta hawan jini, ta kawo ta jikokinsa da ke Paris da ba su gama saninsa ba. Ya ce ta gama? Ta ce in ya sake faɗuwa ba tashi. Ya ce ai yanzu ma bai ga tashin da ya yi ba. Sai ran Asabar ta sauko haka kawai. Ta goge masa farar rigarsa, ta ce za ta je sayen busasshen kifi, ta kuma daɗe a can fiye da yadda sayen kifi ke ɗauka. Léonce ya zauna a baranda yana jin daɗin ya yi nasara. Har ya ɗan tausaya mata.

Ran Lahadi da aka taso daga coci ya kama hanya da sandarsa. Tafiyar da a da ba ta isa a kira ta tafiya ba, yau sai da ya tsaya hutawa a jikin katangar makaranta. Amma zuciyarsa fes. Ya kwana yana wasa wuƙaƙensa. Ya san Tulu zai fara da bakin nan da ya karkace, zai ce dama can maganarsa ba ta taɓa fita daidai ba. Ya tanadi amsa. Zai taɓo sandar, ya tanadi amsa. Zai ce mutuwa ta ɗanɗana shi ta tofar don ba nama, wannan ma ya tanadi wadda za ta sa Firmin faɗowa daga kujera.

Da ya sa ƙafa a shagon sai suka miƙe tsaye. Su biyun, kamar fadan coci ya shigo. Firmin ya janye bencin da Léonce ya saba zama ya turo masa kujera mai majingina.

"Sannu da zuwa, Léonce," in ji Euloge. "Jiki ya yi kyau. Mun gode Allah."

Léonce ya tsaya da sanda a hannu. Rabon da ya ji sunansa na yanka a bakin mutumin nan tun suna gaban malamin makaranta.

"Tulu, ina kwance aka ce min an fara shanya ƙwayar koko a kan sanƙonka. Na ga fili ya ƙaru."

Euloge ya shafa kansa ya yi 'yar dariya mai laushi. "Haka ne, tsufa ne. Zauna ka huta."

"Kai kuma Firmin, an ce kifayen teku sun yi taro sun ba ka lambar yabo, don kai kaɗai ne ba ka taɓa cutar da su ba."

"Wallahi kuwa," in ji Firmin. "Ka ji iska tana damunka a nan? A rufe taga?"

Ya zauna. Amsoshin da ya kwana yana tanadi suka tsaya masa a wuya ba inda zai kai su. Ya ce a ransa ba komai, ganin farko ne, mutum kan daburce in ya ga wanda ya leƙa kabari ya dawo. Bari giya ta shiga, bakinsu zai buɗe.

Man Zélie ta fito da tire. Ta gaishe shi, ta ce ya rame amma ya yi haske, ta jera kofuna da zuma da lemun da faranti na ƙosan kifi. Kwalbar kuwa daga ƙarƙashin kantar shagon ta ɗauko ta, ba daga kan shiryayye ba, ta dire ta kusa da hannunsa na hagu. Ya lura, ya ɗauka kirki ne. Firmin ya ɗiga wa Saturnin rabonsa a ƙasa, aka ambaci sunansa.

Sai Léonce ya jawo kofinsa.

Ya fara da zuma, ɗan abin da zai rufe gindin kofin kawai. Ya dafe lemun da mataccen hannun a jikin tebur, ya yanko gefensa, fata da 'yar tsoka, don ƙamshin a fatar yake, ruwan kuwa ɗigo kaɗan ake so. Ya matse shi da yatsu biyu ya sake shi ciki. Ya kama wuyan kwalbar. Ta yi rawa, bakinta ya ƙwanƙwashi kofin, 'yar giya ta zuba a tebur, amma sauran ta shiga inda aka aike ta, kaurin yatsu biyu daidai. Ya sa maburgi ya murza har zumar ta narke. Gumi ya jiƙa masa farar rigar. Ya ɗago kai yana jiran wani ya ce tebur ma ya samu rabonsa.

Ba wanda ke kallonsa. Firmin na nazarin kalandar bango. Euloge ya duƙufa a kan nasa kofin kamar mai gyaran agogo. Duk wahalar da ya sha a bayan kicin, ba wanda ya yarda ya zama shaida.

Ya ɗaga kofin ya kai hanci. Ƙamshin ya zo daga nesa, siriri. Ya kurɓa, ya riƙe a baki yadda ya saba, ya jira wutar nan da ke tasowa daga tsakiyar harshe ta bi ta hanci da ƙamshin ɗanyen rake. Ya ji zaƙi. Ya ji tsami. Abin da ko jariri ya sani ke nan. Bayansu sai wani ɗumi-ɗumi maras ƙarfi da ya wuce bai gaishe shi ba.

Ya sake kurɓa. Haka.

Ya ajiye kofin a hankali. Sauran biyun sun riga sun shanye rabin nasu daga kwalba ɗaya da shi.

"Euloge," ya ce, shi ma sunan gaskiya ya fito masa. "Yaya ka ji giyar nan?"

Euloge ya tsotsi leɓe, ya girgiza kai irin na wanda abu ya ratsa. "Wuta ce, kamar kullum. Har cikin kunne na ji ta."

"Ba ka ji ta yi sanyi ba?"

"Sanyi? Ina fa. Ko Firmin?"

"Ta kusa cire min hula," in ji Firmin.

Shi ke nan. Léonce ya jingina da kujerar da aka tanadar masa ya zuba wa titi ido. Ashe likita ya yi gaskiya. Ashe ba gishirin Ginette ba ne. Harshen da manyan matata ke jira ya yi magana kafin a rufe famfo ya mutu tun a gindin bishiyar lemun, shi ne bai samu labari ba, ya yi ta yawo da gawarsa a baki yana fasa kofuna. Baƙin ciki ya taso masa irin wanda bai ji ba ko ranar da aka sa wa matata kwaɗo. Ya ji yana so ya koma gida ya kwanta ya juya wa bango fuska. Su kuwa suna ta hira a hankali a kan farashin ayaba da ruwan da aka yi a tudu, kowa na sa masa baki cikin ladabi, yana amsawa da ka.

Cikin wannan hali idonsa ya sauka a kan sanƙon Euloge, don ba shi da wurin ajiye ido. Ya daɗe yana kallonsa kafin ya gane abin da ke damunsa. Sanƙon a bushe yake.

Duk wanda ya taɓa zama da Euloge ya san wannan. Kofin farko bai kai rabi ba gumi zai tsattsafo masa a ƙoƙon kai, ya zaro jan hankicinsa ya goge, Léonce ya ce Tulu ya fara yoyo. Haka ake yi tun suna samari, ko da ruwa ake ko da iska. Yau ga shi ya gama kofi ɗaya ya haɗa na biyu, hankicin na nan a ninke a aljihu.

"Ba ni ashana," in ji Léonce.

"Ashana kuma? Ai an hana ka taba."

"Na ce maka taba zan sha? Ba ni."

Euloge ya kalli Man Zélie, ita kuma ta kalli sikelinta. Ya miƙo kwalin a sanyaye. Léonce ya jawo cokalin da ke cikin zuma ya lashe shi tas, ya goge a riga, ya kwantar da shi a tebur ya cika shi daga kwalbar. Ya danne kwalin ashanar da mataccen hannun ya ƙyasta. Farin ram na gaskiya, irin wanda ake sha a teburin nan, ko daga nesa ya hango wuta sai ya kama da shuɗiyar wuta. Ya kawo ashanar bakin cokalin. Ta ci har ta kusa ƙona masa yatsa, ba abin da ya motsa. Ya ƙyasta wata ya tsoma kanta a ciki. Ta yi cus ta mutu.

Abin da ya fara zuwar masa daɗi ne, kuma daɗin ya kusa sa shi kuka. Harshen na nan. Da ransa, da lafiyarsa, ya faɗi gaskiya tun kurɓar farko, shi ne ya ƙaryata shi don ya gaskata aboki. Daɗin bai daɗe ba, abin da ya biyo bayansa ya kore shi.

Man Zélie ce ta fara magana daga bayan kantar shagon, tana murza bakin zanenta.

"Ginette ce ta zo jiya, Léonce. A nan ta tsaya tana kuka. Ta ce in ka sha mai ƙarfi jinin zai sake hawa. Ta ce ba za ka yarda a auna maka ba, to a bar ka ka zuba da hannunka, amma a raba kwalbar da ruwa. Mu duka muka ce za mu sha irinta don kada ka ji ka bambanta. Don Allah kada ka ga laifinta."

"Ban ga laifinta ba," in ji Léonce. Maganar na fita a hankali ta gefen bakin da ke aiki. "'Ya ce, tsoro take ji, aikinta ta yi. Ke ma mai shago ce, an yi miki kuka kin ji tausayi." Ya juya wajen Euloge. "Kai na tambaya."

Euloge bai ɗago ba.

"Na kira sunanka na tambaye ka. Ka san abin da likita ya ce, Ginette ba ta ɓoye muku ba. Ka san abin da nake tambaya. Ka dube ni ka ce wuta ce. Ka bar ni zaune a nan ina yi wa harshena jana'iza, kai kana zancen ayaba."

"Don lafiyarka muka yi, ɗan'uwa."

"Da ka ce min, Ƙwarangwal, ruwa ne, 'yarka ta fi ƙarfinmu, sha ka rufe mana baki. Da na zage ka na sha."

"Ka yi haƙuri."

Haƙurin nan ya fi komai ƙona masa rai. Mutumin da bai taɓa ba shi haƙuri ba ko ranar da ya tura shi rafi da kayan coci, yau shi ke sunkuyar da kai yana lallashi kamar mai magana da maras hankali. Léonce ya ji in bai fasa wannan ladabi ba yanzu, a cikinsa za a binne shi. Ya kuma san abu guda da Euloge ba ya iya haɗiyewa.

Ya miƙa hannu ya ɗauke kofin Euloge daga gabansa.

Firmin ya ja numfashi. Léonce ya watsar da abin da ke ciki a ƙasa. Ya kamfaci zuma cokali cike ya zuba, ya ƙara wani, ya ƙara wani, irin haɗin da ake yi wa mai mura. Ya raba lemun biyu ya matse rabi gaba ɗaya har da 'ya'yan. Ya ɗiga giyar ruwan nan kaɗan a kai, yana ɗaga kofin yana dubawa yana ragewa, don kowa ya ga aunawa yake. Ya murza maburgi a natse. Sannan ya tura kofin da yatsa ɗaya har gaban Euloge.

"Ga naka. Na ga hannunka ya gaji, na haɗa maka. Sha."

Ya jira. Zuciyarsa na bugawa da wani irin fata. Yanzu kunnuwan nan za su yi ja. Yanzu zai miƙe ya tambaye shi ko hannuwansa sun gutsure ne, ya watsa masa abin a farar riga, ya kira shi mataccen ƙwarangwal mai karkataccen baki, ya ce ko mutuwa ta ƙi shi. Léonce ya shirya. Da za a kifar da tebur a kansa ma, da ya gode wa Allah.

Euloge ya dubi kofin. Ya dubi hannun da ke rawa a kan tebur, ya dubi bakin. Idanunsa suka cika da wani abu mai taushi da Léonce bai taɓa gani a cikinsu ba, kuma bai so ya gani ba. Ya ɗauki kofin da hannu biyu ya shanye shi har ƙasa, da 'ya'yan lemun da komai, ya ajiye a hankali.

"Ya yi daɗi, Léonce," ya ce. "Na gode."

Léonce ya lalubo sandarsa. Firmin ya zabura zai kama shi, ya kauce, ya tashi da kansa bayan ya gwada sau biyu. Ya ratsa tsakanin buhunan shinkafa ya kai bakin ƙofa. Rana ta take, titi ba kowa sai kare a gindin katanga. A nan ya tsaya, ya ba su baya, ya yi kamar yana gyara riƙon sanda. Ya ba su lokaci mai yawa, wanda ya isa mutum ya tuna suna ɗaya ya jefo shi.

"A sauka lafiya," in ji Euloge daga ciki. "A bi a hankali, akwai tsakuwa a gangaren."